Tambaya ta Bakwai a Fom Ɗin Mamuda

Da dariya aka fara cika fom ɗin nan, shi ya sa abin ya fi yi wa Halima ciwo.

Ranar Laraba ce dab da azahar, a ofishin tafiye-tafiye na kawunta Alhaji Mainasara da ke Yelwan Yawuri, inda take aiki shekara uku ke nan. Tikitin jirgi, biza, Umara, inshora, duk ta hannunta suke bi. Wanda ke zaune a kujerar baƙi kuwa yau ba baƙo ba ne. Mamuda ne, malamin kiwon kifi na garinsu Wara, mutumin da aka karɓi goronsa a gidansu tun bara.

An zaɓe shi kwas na wata uku a ƙasar Holan. Mahaifinta Baba Ɗangana, wanda ba ya magana biyu, ya riga ya yanke: ya tafi ya dawo, a sa rana. Abu guda ya rage, ofishin jakadanci ba ya ko kallon takardun mutum sai da inshorar tafiya.

"Sunan mata?" ta karanto daga kwamfuta tana danne murmushi.

"Rubuta Halima."

"Fom ba ya karɓar alkawari, Malam. Na sa ba ka da aure."

"Kin cuce ni, wallahi."

Haka suka yi ta tafiya har tambaya ta bakwai. Ta karanta da sauri, irin karatun wanda ya haddace: "Likita ya taɓa ce maka kana da larurar zuciya, ko kana shan wani magani kullum?" Ba ta jira ba ta danna A'a. "Wannan na san amsarta. Mutumin da ke ɗaga buhun abincin kifi da hannu guda. Miƙo fasfo."

Bai yi dariya ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro fasfo, sai wani ɗan katin magani ya biyo shi ya faɗo kan tebur. Ya kai hannu da sauri, amma ta riga shi.

Da wata ce da ta miƙa masa ta ce ko ciwon kai ne. To Halima shekara uku tana rubuta sunayen magungunan tsofaffin alhazai masu zuwa Umara, har ta fi wasu masu kemis sanin su. Ta karanta sunan sau biyu.

"Mamuda, wannan na masu bugun zuciya ne. Na wa ne?"

Ya dubi ƙofar ofishin ciki, inda Kawu Mainasara ke waya da ƙarfi kamar yana kiran mutum daga tsallaken kogi. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Nawa ne."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu. Ina bautar ƙasa na faɗi a filin fareti. Sunka manna mini wayoyi ga ƙirji, likita ya ce bugun ba ya tafiya daidai. Wani lokaci ta yi gudu, wani lokaci ta tsallake. In ta motsa, sai in ji kamar kifi ne ke fafutuka cikin koma. Amma Halima, na rantse miki, shekara biyu ke nan ba ta motsa ba. Ina shan magani, ina zuwa ganin likita. Lafiya ta lau."

"Shekara huɗu," ta maimaita. "Biyu daga ciki kana zuwa zance ƙofar gidanmu. Ka gaya mini sunan kowane kifi da ke tafkin Kainji, wannan ne ka manta?"

"Ban manta ba. Tsoro na ji." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Kin tuna ranar da na fara gaida Innarki? Ba ta tambayi asalina ba, ba ta tambayi aikina ba. Cewa ta yi, lafiyarka lau dai ko, ɗan nan? Ga Yasira zaune gefe ba ta daɗe da fita takaba ba. Mi kike so in ce?"

Yasira, yayar Halima, shekara ɗaya da rabi kacal ta yi a gidan miji. Mijin, Lawali, ƙato mai ƙarfi, yana cikin jan koma da tsakar rana ya dafe ƙirji ya kife, kafin a kai shi gaɓa rai ya yi halinsa. Tun daga ranar Inna ta yi rantsuwa ba ta ƙara ba mai ciwo ɗiya.

"Ki bar shi yadda kika danna," ya ce a hankali. "Wata uku ne kawai. In na dawo aka ɗaura, ni da bakina zan faɗa."

"Ka san abin da kake roƙo na? In ka ɓoye, takardar nan ba ta da maraba da takardar ƙosai. Ranar da ka faɗi can, kamfani zai nemi tarihinka a asibiti, su ga ka sani ka yi shiru, su zare hannunsu. Bara wani dattijo ya ɓoye ciwon suga, ya kwanta a Madina, ni na riƙa ɗaukar wayar 'ya'yansa suna kuka. Kai can wa ka sani? Wa zai tsaya maka?"

"Allah ne mai tsarewa."

"Shi ne kuma Ya hana ƙarya."

"In kika sa E, Kawu zai gani. Kowane fom sai ya sa hannu. Kin san kuma wa yake yi wa tanadinki."

Ta sani sarai. Zaharaddeen, ɗan Kawu na fari, mai motocin albasa, wanda har yau bai yarda an kayar da shi ba.

Aka kira azahar. Mamuda ya miƙe, ya ɗauki katin maganinsa ya mayar aljihu.

"Ban taɓa roƙon ki komai ba, Halima. Amana na bar miki."

Ya fita.

Ta daɗe tana kallon ɗan akwatin nan na tambaya ta bakwai. Ba wanda zai sani. Ta hango ranar ɗaurin aure, ta hango lalle a ƙafarta. Sai kuma ta hango shi kwance a wani asibiti mai sanyi, ba mai jin Hausa, ana juya takardar da ita ta cika ana girgiza kai. Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta.

Ta goge A'a, ta danna E. Ta rubuta sunan maganin ba tare da ta sake dubawa ba.

Ta so ta cusa fom ɗin a tsakiyar na 'yan Umara, amma ta san banza ne. Kawu Mainasara ko takardar wutar lantarki sai ya karanta ta layi-layi yana motsa leɓe. Don haka ta ɗora shi a sama, ta tsaya.

Ya karanta. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake karantawa.

"Inna lillahi," ya ce, da wata irin murya ta tausayi wadda ba ta hana gefen bakinsa motsi ba. "Yaro mai ladabi. Allah Sarki."

Ya sa hannu. Kafin ta kai ƙofa ta ji yana latsa waya.

* * *

Ranar Juma'a bayan la'asar ta sauka a tashar Wara. Labari ya riga ta da kwana biyu. Mai kayan miya ma da ta gaisar, sai da ta ce mata, "Sannu, Halima, ya mai jiki?"

A ƙofar gida motar Zaharaddeen ce a fake. Shi da ke da yaran mota har uku, yau da kansa yake sauke buhun albasa, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, yana ɗaga buhu sama fiye da yadda ake buƙata. In da za a ba shi dama da ya ɗaga motar ma a gani.

"Ƙanwata, sannu da hanya. Na ji abin da ya faru, wallahi ban yi barci ba. Ki gaya mashi in yana son a kai shi asibiti, mota na nan."

"An gode," ta ce, ta wuce ba ta ko dube shi ba.

Inna na zaune bakin murhun banda, ta bar kifi yana ƙonewa. Yasira na gefe tana tsintar shinkafa. Halima ta durƙusa ta yi gaisuwa, ba a amsa ba.

"Kin sani?" Inna ta jefo mata.

"Wallahi Inna sai ranar Laraba."

"To alhamdu lillahi da Allah Yat tona shi tun ba a ɗaura ba. Magana ta ƙare."

"Inna, ki saurare ni. Ciwon nan ana rayuwa da shi. Alhazai nawa na cika wa takarda masu irinsa, wasu sun haura saba'in, suna zuwa Makka suna dawowa. Yana shan magani, yana..."

"Rufa mini baki!" Inna ta fashe da kuka. "Ni nis san abin da nig gani. Ni aka kawo ma gawar yaro jiƙe cikin jirgi. Ni niy yi wata huɗu da kwana goma ina kwana da yayarki don kada ta zauce. Takaba guda ta ishe gidan ga, Halima. Ba ni iya ta biyu. Ba ni iyawa!"

Halima ta rarrafa ta kama ƙafafunta. "Inna, rai na hannun Allah. Mai lafiya ma yana tafiya."

"Awo, yana tahiya. Amma ba ni ɗaukar ɗiyata da hannuna in kai ta inda nis san akwai rami. Ga ɗan'uwanki nan waje, lahiya tai lau, ya san mutuncinmu. Mi a aibinai?"

"Ba ni son shi, Inna."

"So! Tambayi yayarki abin da so ya bar mata."

Yasira ta ajiye faifai. Ba ta cika magana ba tun rasuwar mijinta, shi ya sa kowa ya yi tsit.

"Inna, Lawali ma kin tambaye shi, ya ce lahiya lau, kuma gaskiya ya faɗa don bai sani ba. Da na san akwai wani abu ga ƙirjinai, da ban bar shi ya ja koma cikin rana ba. Da na ɓoye mashi filafilin tuƙa jirgi. Kullum abin da ke cina ke nan." Ta juyo ga ƙanwarta. "Ke kin sani. Amma kada ki ɗauka sani daɗi gare shi. Duk sadda ya yi jinkirin dawowa, sai kin mutu kin tashi."

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki.

Duk abin nan Baba Ɗangana na zaune ƙarƙashin rumfa yana kankare fulogin injin jirginsa na ruwa, kamar ba a gidan yake ba. Shekara talatin da wani abu yana tuƙa jirgin fasinja daga Wara zuwa tsallake, bai taɓa zubar da ko akuya ba. Yana da wata ɗabi'a da duk bakin ruwa aka san shi da ita har ana kwaikwayonsa. Ba mai taka jirginsa, ko hakimi ne, sai ya tsaya a gabansa ya amsa tambaya guda: me kake ɗauke da shi? Bai taɓa korar kaya don nauyi ba. Ɗagawa yake ya ji, ya nemo masa wurin da ya dace. Amma wanda ya ce gero ne aka tarar da gishiri, ko a tsakiyar layi yake sai ya sauka.

"Halima."

"Na'am, Baba."

"Wa yac cika takardar?"

"Ni ce."

"Shi yac ce ki rubuta ciwon?"

Nan ta ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce, E, ta wanke shi tas a idon Baba. Ba mai ƙaryata ta, Kawu bai ji abin da suka faɗa ba. Ta buɗe baki, sai ta tarar abin da ya hana ta ranar Laraba yana nan bai tafi ba.

"A'a, Baba. Cewa ya yi in bari."

Ya hura fulogin, ya duba shi a hasken rana.

"Ciwo ba laihi ba ne. Wanga tsoron uwakki ne, kuma tana da hujja. Ni nawa daban. Yaron ga ya shiga jirgina ya fi sau arba'in. Kullum ina tambaya tai, kullum shi ce, ba komi Baba, daga ni sai jakata. Da ta motsa mashi tsakiyar ruwa hwa? Ina can baya riƙe da inji, ban san ina da mai bukatar a duba ba." Ya girgiza kai. "Mutum shi dube ni ido da ido sau arba'in. Ran Talata Mainasara shi zo shi maishe musu da goronsu."

Sau biyu ke nan cikin kwana uku Halima na faɗin gaskiya, kuma kowace sai ta ƙara nesanta ta da shi.

* * *

Tun ranar Laraba Mamuda bai ɗauki wayarta ba. Ranar Asabar da safe saƙon kamfanin inshora ya shigo, ta karanta a tsaye, ta yafa mayafi ta nufi gonar kifi.

Ta same shi tsugune bakin kwami yana watsa wa 'ya'yan tarwaɗa abinci. Ya rame cikin kwana uku. Ya ji sallamarta, ya amsa bai juyo ba.

"Kamfani sun amsa," ta ce. "Ba su ƙi ka ba. Sun ce za su rufe har da ciwon, kuɗin zai ɗan ƙaru, amma sai ka kawo rahoton likitanka da sabon gwaji cikin kwana goma. Ka ga? Ba su ƙi ka ba, Mamuda."

"Madalla. Kamfani na so na." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin san jiya a masallaci wani tsoho ya tashi ya ba ni wurinsa jikin bango? Tsoho, Halima, mai sanda. Da safen nan na ɗauki bokiti, leburana ya ruga ya karɓe. Duk inda na bi, ya jiki Malam, ya jiki Malam. Shekara huɗu ina mutum kamar kowa. Kwana uku kin maishe ni abin tausayi."

"Ni na maishe ka?"

"Amana na ba ki!"

"Amanar mi? In sa hannu a tura ka inda in ka faɗi ba mai ɗaga ka?" Kuka ya ƙwace mata. "Kana tsammani daɗi na ji? Da hannuna na ɗora takardar a gaban Kawu, ina sane da abin da zai yi. Jiya Baba ya tambaye ni ko kai ka ce in rubuta. Da na ce E da yanzu an wuce wurin. Na kasa. Na tsani kaina, amma na kasa."

Ya juyo a firgice. "Kin gaya mashi na ce ki ɓoye?"

"Na gaya mashi. Ran Talata za a maido muku da goro."

Ya zauna daɓas a kan bakin kwamin. Ta ga hannunsa ya tafi wajen ƙirjinsa, ya ankara tana kallo, ya sauke da sauri. Wannan saukewar ta fi komai ƙona mata rai.

"Ka gani? Ko yanzu ɓoye mini kake. Haka za mu zauna? In aure ka, kana jin ciwo kana shiga bayi kana rufe ƙofa don kada in sani? Na yarda in zauna da ciwonka har ƙarshen raina, wallahi na yarda. Ɓoyon ne ba zan iya ba."

Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Tsoro nike ji, Halima. Ba na mutuwa ba. Tun ranar da likita ya faɗa mini, na ga yadda fuskar mahaifiyata ta canza, har yau ba ta koma daidai ba. Ko tari na yi sai ta miƙe. Ke kaɗai kike kallo na a namiji cikakke. Ban so in rasa wannan ba."

"Ai ba ka tambaye ni ba. Kai kaɗai ka yanke mini hukunci."

Kifi suka ci gaba da wawar abinci a cikin kwamin.

"Likitan naka yana ina?" ta tambaya tana share fuska.

"Tsallake, New Bussa. Litinin yake ganin mutane. Zan zagaya ta mota."

"Tafiyar yini guda, alhali ga ruwa?"

"Ba zan iya tsayawa gaban Baba ba."

Ta gyara mayafinta. Zuciyarta na ce mata ta lallashe shi, bakinta ya ƙi.

"Jirgin Baba ƙarfe bakwai yake tashi. Ni na cika nawa fom ɗin, Mamuda. Wannan ba mai cika maka."

* * *

Litinin ta kama ranar kasuwar tsallake, bakin ruwa ya cika maƙil. Halima ta ƙi komawa Yelwa, ta fake da taya Inna kawo kwandunan banda. Zaharaddeen ma yana nan yana lodin albasa, yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Baba Ɗangana na tsaye a bakin jirgi, ƙafa ɗaya cikin ruwa, layi na wucewa ta gabansa.

"Mi kaka ɗauke da shi?"

"Manja ne, jarka biyu."

"Tsakiya. Ke hwa?"

"Kaji, Baba, da ɗan cikin nan wata bakwai."

"Zauna inda ba a matse ki."

Bakwai saura kaɗan. Halima ta duba hanya har wuyanta ya gaji. Ashe ta mota ya bi. Ta sunkuya tana gyara kwandon da ba abin da ya same shi.

"Ga mutumin naku can," wata mata ta raɗa.

Mamuda ne tafe da 'yar jakarsa, a hankali, kamar mai zuwa kotu. Ya shiga ƙarshen layi. Hayaniya ta fara raguwa, don babu wanda bai san zancen ba a wurin. Zaharaddeen ya matso da fara'arsa.

"Malam, kawo jakar in riƙa maka, kada ka wahala."

"Bar ta, na gode."

Layi ya kawo kansa. Baba ya dube shi kamar bai taɓa ganin sa ba.

"Mi kaka ɗauke da shi?"

Halima na hango jijiyar wuyan Mamuda tana harbawa. Ya buɗe baki, abin da ya saba faɗa ya kusa fitowa, ya mayar.

"Ciwo, Baba."

"Ban jiya ba. Injin wani na ƙara."

Ba injin da ke ƙara. Ko kajin matar nan sun yi shiru.

"Ciwon zuciya gare ni," ya ce da ƙarfi, muryarsa na karyewa. "Bugunta ba ya tafiya daidai. Shekara huɗu ke nan. Ina shan magani safe da yamma, ga shi nan cikin aljihu. In ta motsa, jiri nike ji, numfashi ya yi mini wuya. Duk shigar da na yi jirgin nan da shi na shiga, na ce maka ba komai. Na yi maka ƙarya, Baba. Na kuma nemi ɗiyarka ta yi ƙarya domina, ta ƙi."

Baba Ɗangana ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya juya ya ƙare wa jirgin kallo daga gaba har baya, yadda yake yi in an kawo kaya mai wuyar ajiyewa.

"Kai mai manja, matsa gaba." Ya nuna bencin ƙarshe, dab da inji, wurin da ba ya ba kowa. Ya ciro rigar ruwa ya miƙa wa Mamuda. "Sa wagga. Nan za ka zauna inda nika ganin ka. In ta motsa, ka taɓa gwiwata. Kada ka yi mini ta maza."

Mamuda ya karɓa da hannu biyu.

Baba ya ɗaga murya ba tare da ya dubi gaɓa ba. "Zaharaddeen, ce ma babanka kada shi wahal da kai nai ran Talata. Goro ya zauna."

Halima ta toshe baki da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. Ta juya don ta rungume Inna.

Inna ba ta kallon ta. Idonta na kan jirgin da aka tunkuɗa, inji ya kama, ya fara yanka ruwa. Ta damƙi wuyan hannun Halima da ƙarfi har sai da ta ji zafi.

"Ubanki ya gama nashi, shi jirgi ya sani," ta ce, muryarta a dushe. "Ni ban ce na yarda ba, ban kuma ce na hana ba. Amma nan wurin, kan dutsen ga, nan yayarki ta tsaya ran da Lawali yat tahi. Tana ɗaga mashi hannu tana dariya."

Halima ta dubi ƙafafunta. A kan dutsen take tsaye.

"Mu tahi gida," in ji Inna. "Kihi na bisa wuta."

"Ki yi gaba, Inna. Ina zuwa."

Inna ta dube ta, ta dubi ruwan, ta saki hannunta. Ba ta tafi ba. Ta gyara zani ta tsaya kusa da ita.

Jirgin ya yi nisa har ba a bambance fuskoki, sai ɗigon rigar ruwan nan mai ruwan lemo a can baya kusa da inji. Halima ta kafa masa ido, ko ƙiftawa ba ta son yi. Yana zaune. Har yanzu yana zaune. Masu kaya suka watse, rana ta fara zafi, su biyu suna nan tsaye a kan dutsen.